Daga Kwanika Zuwa Maganin Hutu: Tarihin Haihuwa Tsakanin Miji da Mata a Ƙasar Gaya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san akwai kalmomin da baki ba ya son ɗauka. Ba kasafai ake cewa wance tana da ciki ba a gaban manya. Sai a ce tana da juna biyu, ko ta yi nauyi. Ranar da ta haihu kuma a ce ta sauka, a shigo a yi barka da arziki. Miji ba ya cewa matata, sai iyalina ko mai ɗakina. Matar ba ta kama sunansa, sai maigida ko Malam. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. A ajin nazarin harshe muna kiran wannan sakaya zance, a gida kuwa sunansa kunya.

To, ga tambaya. Idan mutum biyu suka haɗu aka samu ciki, amma harshensu bai sake musu su ambace shi a tsakaninsu ba, wa ke yanke shawarar yaushe za a sake haihuwa, ina za a haihu, da lokacin da za a nufi likita in naƙuda ta yi gardama? Amsar ta canza cikin shekara ɗari da ta wuce. Abin da nake so mu duba shi ne yadda ta canza. A da, al'ada ta rufe bakin miji da mata, amma ta ɗora wa mijin ayyuka sanannu, ta kuma sa tsofaffi suna lura da shi. Yau yawancin ayyukan sun sassauta, masu lura sun ragu, shirun kuwa yana nan daram, kuma izini da kuɗi suna hannun wanda ba a koya masa yin maganar ba.

Bengu da maƙwabtanta

Bengu komin ce ta karkara a gundumar Gaya, jihar Dosso, can ƙuryar kudu inda ƙasarmu ta matse tsakanin Najeriya da Benin. Kamba ta jihar Kebbi na nan kusa, wanda kuma ya bi ta Gaya ya haye gada sai Malanbil. Kwarin Dallol Mauri da na Dallol Foga sun ratsa yankin, shi ya sa ruwa ba shi da nisa, ana noman shinkafa, rake, rogo da dankali. Ga kuma gishirin Foga, wanda ake kankaro ƙasa a tace ta da ruwa a dafa, fatake sun daɗe suna kai shi Kabi da Borgu da Nufe. Aiki ne na wuta da ɗaukar kaya, kuma mata na cikinsa dumu-dumu, da ciki ko da goyo.

Mutanen yankin gauraye suke: Cangawa, Dendawa, Kabawa, Arawa, Zabarmawa da Fulani. Harshen Canga dangin Mande ne, ɗan uwan Busa da Boko na ƙasar Borgu, amma mafi yawan jikokin Cangawa yanzu Hausa ko Dendi suke yi. Harshe in ya shigo gida ba ya zuwa hannu rabbana. Yana tahowa da kalmominsa na aure, biƙi da suna. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1898 da 1906 ba ta hana amarya ko ungozoma ƙetarawa ba. Saboda haka tarihin haihuwa a nan haɗe yake da na Kabi, Sakkwato, Katsina da Zazzau, kuma zan jawo misali daga can inda aka fi rubuta shi.

Tsarin da kakanni suka bari

Mu fara da cikin fari. In ya kai wata bakwai ko makamancin haka, sai a mayar da yarinya gidan iyayenta, abin da ake kira goyon ciki. Can za ta haihu, a durƙushe, sau da yawa ita kaɗai a ɗaki, domin kuka ko raki a naƙuda abin gori ne har tsufa. Ungozoma takan shigo ne bayan an sauka: ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. Daga nan sai wankan jego, safe da maraice, da tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa mai jego da reshen ganye, kwana arba'in ko fiye, ga kunun kanwa ga yaji.

A cikin wannan duka miji yana da nasa jerin. Shi ke tara itacen wanka tun ciki na ƙarami, kuma kowa ya wuce ƙofar gida yana ganin tsibin. Shi ke kawo ƙauri da hatsin kunu, da goro, da ragon suna. Wanda ya gaza, ba sai an kai ƙara ba, surukai da ƴan uwansa mata sun ishe shi.

Aiki mafi nauyi shi ne haƙuri. Ana shayarwa kusan shekara biyu, kuma al'ada ta ce miji ya nisanci shimfiɗar mai goyo har a yaye, domin an yi imani sabon ciki yana ɓata nono, yaron da ke baya ya kama zawo ya lalace. Macen da ta yi ciki da goyo an ce ta yi kwanika, wasu su ce gwanne, a wurare da dama na Nijar kuma a ce rurutsa. Duk ɗalibin harshe ya san al'umma ba ta tara wa abu suna uku sai ya dame ta. Gorin kuma ba ya tsayawa kan matar. Ana cewa mijin ba shi da haƙuri, ya cuci yaro. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta ba da bayanin komawa gida haihuwar fari, kunyar ɗan fari da wannan doguwar shayarwa a matsayin abin da kowa ya sani a zamaninta.

Har sunayenmu na ajiye da tarihin mahaifa. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo ya bi tagwaye, Auta ya rufe ƙofa. Ajuji da Barmani kuwa ƴaƴan mai wabi ne, wadda ƴaƴanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Iyalin da ya binne yara huɗu cikin takwas ba ya lissafin haihuwa irin na ofis. Son yawan zuri'a daga nan ya samo wani tushen nasa, haɗe da buƙatar hannuwa a gandu da martabar maigida.

Kada mu yi wa tsarin kwalliya. Haƙurin da ake nema wajen miji, sau da yawa kishiya ce ke ɗauke masa shi. Ana aurar da yarinya ƙugunta bai gama buɗewa ba. In naƙuda ta daɗe, a ce gishiri ne ya tare hanya, a kira ungozoma ko wanzami a yi yankan gishiri da aska, wani lokaci a huda mafitsara. Ko a ce zaƙi ne ya yi yawa, a yi ta ɗura mata jiƙo ana jira. In kuwa aure ya shekara biyar ba ciki, matar ce juya. Da wuya ka ji kalmar da ake jifan namiji da ita. Wankan jego kansa yana da nasa haɗari: a shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun nuna cewa ciwon zuciyar da ke kama masu jego ya yi yawa ainun a yankin, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta. Tsari ne mai kariya da cutarwa a haɗe. Abin lura dai shi ne ya san da zaman miji, ya kuma ba shi aiki.

Nasara ya zo da likita

Faransa ta kafa hukumar kula da lafiyar talakawan mulkin mallaka a Afirka ta Yamma a 1905, sannan a 1918 ta buɗe makarantar likitanci a Dakar, da sashen horar da ungozomomin zamani, waɗanda muke kira sajfam. Damuwar Nasara a lokacin ita ce mutane sun yi kaɗan. Yana son masu biyan haraji, masu aikin dole da sojoji. A gida ma Faransa ta yi asarar maza sama da miliyan ɗaya a yaƙin duniya na farko, shi ya sa a ranar 31 ga Yuli 1920 ta yi dokar da ta haramta tallata hanyoyin hana ɗaukar ciki. Dokar ta bi ta zuwa ƙasashen da take mulka. Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, amma dokar ta zauna mana kusan shekara talatin bayan tafiyar mai ita. Wannan ya kamata masu cewa hana maganin tazara gadon kakanni ne su sani: takardar farko da ta hana shi a ƙasar nan da Faransanci aka rubuta ta.

Wani abin da zamanin ya bari shi ne siffar gidan likita. An gina matarniti da sashen kula da uwa da yaro a matsayin wurin mata zalla. Mace ce ke zuwa awo, ita ake yi wa faɗa, ita ake ba karne. Miji yana bakin ƙofa ko gindin bishiya, ba a kiransa sai an rubuta ordonas. Masana tarihi irin su Barbara Cooper, wadda ta yi aiki a Maraɗi ta kuma wallafa littafi kan tarihin haihuwa a Sahel a 2019, sun nuna cewa Nijar ta samu kaso kaɗan ƙwarai na waɗannan ma'aikata, kuma galibi a birane suka tsaya. A ƙauye irin Bengu, ungozomar gargajiya da uwar miji suka ci gaba da riƙe ɗakin haihuwa. Kun ga an samu gida biyu ke nan: na gargajiya da ya ba miji aiki ba tare da magana ba, da na zamani da bai ba shi ko ɗaya ba sai biyan kuɗi.

Daga Matamaye zuwa majalisa

Farin 1984 ya girgiza hukuma. A shekarar aka buɗe cibiyar kula da lafiyar iyali ta ƙasa a Yamai, sannan a 1985 Janar Seyni Kountché ya yi jawabinsa na Matamaye, inda ya fito fili ya ce yawan jama'a na gudu fiye da abin da gona ke bayarwa. A 1988, zamanin Janar Ali Saibou, aka fitar da dokar da ta halatta magungunan tazarar haihuwa.

A nan ne rikicin kalmomi ya soma, kuma mu ƴan nazarin harshe ya kamata mu tsaya a kai. An ɗauko kalmar Faransanci ana neman yadda za a faɗe ta a rediyo. Wasu suka ce ƙayyade iyali. Kunnen Musulmi da ya ji ƙayyade sai ya ji ana so a yi wa Allah iyaka a kan kyautarsa, nan take ƙofa ta rufe. Aka koma tsarin iyali, wanda ya fi laushi amma bai faɗi komi ba. Daga baya aka zauna kan tazarar haihuwa. Mata kuwa ba su jira kwamiti ba: suka ce maganin hutu, Zabarmawa ma suka gina tasu kalmar kan fulanzam, wato hutawa. Dubi hikimar. Hutu ba ya musun haihuwa, yana cewa ne jiki ya gaji, kuma yana komawa kai tsaye ga tsohon tsoron kwanika. Ƴan tallar zamani ma sun gano haka: ƙungiyar Animas-Sutura ta sa wa kwaroron robarta suna Foula, wato hula, ƙwayoyinta kuma Sutura.

A fagen doka abin bai zo da sauƙi ba. Daftarin dokar iyali, wanda ya taɓo shekarun aure da saki, ya gamu da adawar ƙungiyoyin addini a farkon shekarun 1990, aka jingine shi a 1994. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, amma a cikin watan Yuni na shekarar aka kafa dokar lafiyar haihuwa. Tsakanin 2005 da 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka mayar da fiɗar haihuwa, awon ciki, maganin tazara da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Wanda ya taɓa raka mai ciki ya san kyautar ba ta haɗa da kuɗin mota, man ambilas ko maganin da ya ƙare a kanti ba. Waɗannan aljihun maigida suke jira.

Abin da ya canza cikin ɗaki

Yayin da ake wannan ja-in-ja a Yamai, gidajen karkara na sauyawa a hankali. Karatun addini ya yaɗu, mutane suka gane cewa nisantar mai goyo shekara biyu al'ada ce. Abin da shari'a ta hana shi ne kusantar mace cikin jinin biƙi. A gidaje da yawa haƙurin shekara biyu ya dawo kwana arba'in. Gandu ya rarrabu, saurayi na yin aure ya ware tukunyarsa, tsohuwar da ke lura da wa ya shiga ɗakin wa ba ta da ƙarfin da. Maza na tafiya cirani Kwatano, Legas ko Yamai, su dawo da damina. Shayarwa na ci gaba da ba da ɗan jinkiri, amma ba ta da tabbas. Sai dai an manta rabin karatun: aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a wuyan uba, ta kuma sa yaye ya zama bisa yarda da shawarar su biyun.

Alƙaluma sun nuna inda muka tsaya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya samu mace ɗaya na haihuwar yara 7,6 a tsawon rayuwarta, mafi yawa a duniya a lokacin. Binciken 2021 ya nuna ya sauko zuwa 6,2. A na 2012 ɗin, mata sun ce suna son yara kusan 9, maza kusan 11. Kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an aurar da su kafin shekara 18. Kashi 12 cikin 100 kawai na matan aure ke amfani da hanyar tazara ta zamani, kusan kashi 30 suka haihu a gidan likita, kuma mata 535 ke mutuwa a kowace haihuwa 100 000. Mafi yawan matan aure sun ce miji ne ke yanke shawara kan lafiyarsu.

Yaya wannan ke kasancewa a aikace? Masana biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana a 1994 cewa jinkiri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa in an isa. Na biyu da na uku aikin gwamnati ne. Daga ƙauye zuwa CSI, daga can zuwa asibitin gunduma a Gaya, in abin ya fi ƙarfinsu a miƙa Dosso, kusan kilomita 150. Na farko kuwa cikin gida yake. Yarinya ta soma jin ciwo tun azahar, kunya ta hana ta faɗi. Uwar miji ta leƙo ta ce, "Mi ya same ki?" ta ce, "Ba komi, Inna." In abin ya bayyana a ce, "Maigida bai nan, ba mu iya hita sai ya dawo," ko "Mu da munka haihi goma a ɗaki, wa ya kai mu likita?" Kafin a samo shi a waya, a samo kabu-kabu ko amalanke, gari ya waye.

Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22 774 a asibitin Zariya, ya wallafa sakamakon a 1985. Ya samu cewa mace-macen sun taru ne kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo a makare, da ƙananan yara masu cikin fari. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuma tana iya fitowa da yoyon fitsari, sau da yawa ta rasa jaririn ta rasa auren. Asibitin Babbar Ruga a Katsina da cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012, cike suke da irin waɗannan mata.

Da aka tuna da maza

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. Bali tsibiri ne a Indunusiya, mafi yawan mutanensa mabiya addinin Hindu. Can ma gida na namiji ne: ɗa namiji ke gadon gida da hidimar kakanni, shi ke wakiltar iyali a taron magidantan unguwa da suke kira banjar. A shekarun 1970 hukumar tsarin iyali ta ƙasar ta shigar da maganar cikin wannan taro. Ana tambayar kowane magidanci halin da gidansa ke ciki, ana sa alama a taswirar unguwa. Haihuwa ta sauko daga kusan yara 6 a ƙarshen shekarun 1960 zuwa kusan 2 a shekarun 1990. Abin ya kai har sunaye suka ji a jikinsu. Mutanen Bali na sa suna bisa jerin haihuwa, Wayan, Made, Nyoman, Ketut, sai ga Nyoman da Ketut na neman ɓacewa, har gwamna Wayan Koster ya fitar da umarni a 2019 yana ƙarfafa haihuwar huɗu. Darasin biyu ne. Shawara na tafiya in an kai ta inda maza ke zama. Amma a Bali, ƙarƙashin mulkin Suharto, an haɗa da matsin lamba, maza suna tattauna jikin mata, matan ke ɗaukar na'urar da illarta. Shigo da maza bai zama daidai da sauraron mata ba.

A nan gida, Asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi bincike a jihar Damagaram ya gano cewa ikon miji na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa likita. A 2008 aka buɗe makarantun mazaje 11 a can, daga baya suka bazu zuwa sauran jihohi da wasu ƙasashen maƙwabta. Ba aji ba ne mai allo. Magidanta ne kamar goma sha biyu, waɗanda aka shaida matansu na zuwa awo, suna haɗuwa da ma'aikacin lafiya da malami, su duba matsalar garinsu, su shiga majalisa da wuraren suna su yi wa ƴan uwansu magana. Wasu sun gina wa sajfam ɗaki, wasu sun haƙa masai a CSI. In ka duba da kyau, tsohon tsibin itacen wanka ne ya dawo da sabuwar riga: aikin da idon jama'a ke gani, wanda namiji ke jin kunyar a ce ya gaza. Inda tsarin ke da rauni shi ne inda na Bali ya yi rauni: miji na iya zama gwani a majalisa, ya shiga ɗaki ya kasa tambayar matarsa ko ta gaji.

Kammalawa

Ƴan uwa ɗalibai, yawancinmu cikin shekara biyar ko goma masu zuwa za mu yi aure, wasunmu ma sun riga sun yi. Ba a tambaye mu ra'ayi kan dokar 1920 ba, ba mu cikin majalisar 2006, amma jinkirin farko a hannunmu zai kasance. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Kakanninmu sun ce shekara biyu. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu na shayarwa. Saboda haka wanda ya ce tazara baƙuwa ce, a tambaye shi ma'anar kwanika a harshen uwarsa.

Jerin maigida na wannan zamani ba shi da wuya a rubuta. Ya ajiye kuɗin mota tun ciki na wata biyar, kamar yadda kakansa ya tara itace. In zai tafi cirani ya bar izini a fili gaban uwarsa, cewa ko yana nan ko ba ya nan a tafi likita. Ya raka awo ko sau ɗaya ya ji da kunnensa. Ya san alamun haɗari: zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, naƙudar da ta wuce yini. Ya san rukunin jininsa. In aure ya daɗe ba ciki, a auna su biyun. Ƴan uwanmu mata kuma, "ba komi" ba amsa ba ce ga mai naƙuda, kuma faɗin ciwo bai taɓa zubar da mutuncin kowa ba.

Kunya ba abin yarwa ba ce. Ita ke sa mu rusuna wa surukai, mu saya zance gaban yara. Amma tsakanin miji da mata harshenmu ya riga ya tanadi kalmomi masu sutura da za a iya faɗa ba tare da an sunkuyar da kai ba: hutu, tazara, goyo, awo. A fadarmu muna shan shayi har ƙarfe biyu na dare kan ƙwallo da siyasa. In an zuba na biyu a daren nan, wani ya tambayi abokan zama ko akwai wanda ya san nisan da ke tsakanin ƙauyensu da asibitin da ake fiɗa, da kuɗin da ake kashewa kafin a isa.